Tarihin jirgin ƙasa daga bakin dattawanmu a Atbara, ga inda aka kwana

15 ga Janairu 2022

Assalamu alaikum jama'a. Tunda ana ta tambayata a waya wai ina maganar littafin tarihin jirgin ƙasan nan ta tsaya, bari in dinga rubutawa duk sanda aka ɗan matsa gaba kowa ya san halin da ake ciki.

Ga wanda bai sani ba, a nan Atbara akwai mathaf na sikka hadid, gidan adana kayan tarihin jirgin ƙasa, yana cikin tsohuwar unguwar Turawa a wani gini da cocin Ingilishi ne a da. Garin nan dama jirgi ne ya haife shi, nan aka kafa hedkwatar reluwe ta Sudan gaba ɗaya tun farkon mulkin Turawa, nan manyan warsha, wato wuraren gyaran jirgi, suke, shi ya sa ake masa kirari da garin ƙarfe da wuta. Abun da muke so mu yi shine ɗan ƙaramin littafi da Hausa da Larabci wanda mutum zai riƙe ya zaga mathaf ɗin da shi, sannan mu naɗi muryoyin dattawanmu da suka yi aiki a layin ko suka hau shi a hanyarsu ta hajji, a ajiye, a kuma yanka gajeru ana turawa a WhatsApp. Mu uku ne yanzu, ni da ɗan kawuna mai ɗaukar hoto da Goggo ƙanwar babanmu, malamar makaranta ce ta yi ritaya, ita za ta riƙe ɓangaren mata.

Kakanmu darisa ne, masu gyaran layi kenan, ya tsufa a kan ƙarfen nan ya rasu ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa, kuma wallahi abun yana cina har yau. Waɗanda suka rage irinsa ba su da yawa.

5 ga Fabrairu

Mun fara da kayan da ke wajen, ɗan kawu yana hoto ni ina rubuta me kowanne yake yi. Tsofaffin kawunan jirgi, fitilu, kayan talgiraf, hotunan da. Amma kafin a yi bayanin fitila dole a faɗa wa mai karatu me ya kawo layin tun asali, kuma ni dai ra'ayina a faɗi gaskiya ba kwana-kwana: yaƙi ne ya kawo shi.

Tun 1875 Khidewi Isma'il na Masar ya fara shimfiɗa dogo daga Wadi Halfa, bai yi nisa ba kuɗi suka ƙare aka tsaya. Sai da Kicinar, janar ɗin Ingila, ya taso da rundunarsa don rushe daular Mahadi sannan aka dawo kan maganar da gaske, don ba yadda za ka ciyar da dubban sojoji a wannan hamada da raƙuma kaɗai, ga kogin Nilu kuma duwatsu sun tare shi a wurare da yawa kwale-kwale ba ya wucewa. Sai suka yanke shawarar su bar bakin kogi su ratsa tsakiyar sahara kai tsaye daga Halfa zuwa Abu Hamad, wajen kilomita 370 ba gari ba bishiya. An fara ranar 1 ga Janairu 1897, ƙarshen Oktoba na shekarar sun shiga Abu Hamad. Tashoshin da ke tsakani ko suna ba su da shi sai lamba, tasha ta 1, ta 2, haka har ta 10, don babu wani ƙauye a wurin da za a sa musu sunansa, kuma har yau da lambar ake kiransu. Ruwan sha da na tukunyar jirgi duk a kan jirgin ake jansa, sai da aka haƙa rijiya aka dace a tasha ta 4 da ta 6 sannan aka ɗan samu sauƙi. An yi yaƙin Atbara 8 ga Afrilu 1898, layi ya iso nan farkon Yuli, ranar 2 ga Satumba aka yi yaƙin Karari a bakin Umdurman inda aka kashe Ansar, mabiya Mahadi, dubbai. Gadar da ke kan kogin Atbara kuma wani kamfanin Amurka ne daga Filadelfiya ya ƙera ta a 1899, ƙarshen shekarar jirgi ya kai Halfaya, Bahri ta yanzu.

Goggo ta ce kar mu cika wa yara kai da shekaru. Na ce to Goggo a rage amma Karari ba za a cire ba, duk wanda zai tsaya yana sha'awar kan jirgin nan ya kamata ya san me jirgi ya fara ɗaukowa.

26 ga Fabrairu

Yau kam ina cike da murna. Injiniyan da ya jagoranci shimfiɗa layin hamadar nan wani matashin soja ne ɗan Kanada, Percy Girouard. To shi wannan mutumin dai, shi aka tura Arewacin Najeriya a 1907 ya gaji kujerar Lugga, kuma a hannunsa aka tsara layin Baro zuwa Kano. Mutum ɗaya fa! Har faɗin layin iri ɗaya ne, ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1067, da nan da can. Na tura wa wani ɗan uwanmu malami a Kano maganar, ya ce su a makaranta sun san sunan a jerin gwamnoni amma ba a taɓa haɗa musu shi da Sudan ba, mu ma nan mun san shi a tarihin Halfa ba a taɓa ce mana ya je ƙasar kakanninmu ba.

Sai kuma abun da ya fi wannan. Jirgi ya isa Kano a 1911. A ƙarshen wannan shekarar dai layin Sudan ya isa Ubayyid, bayan ya bi ta Wad Madani da Sinnar ya tsallake Farin Nilu a gadar Kosti. Kenan a shekara guda aka samu bakin ƙarfe biyu suna kallon juna, ɗaya a Kano ɗaya a Kurdufan, tsakaninsu fiye da kilomita 2000 da ba dogo, kamar igiyar da aka yanke tsakiyarta. Wannan tsakiyar da ƙafa mutanenmu suka cike ta, ta Barno, Fort Lami (Injamena ta yanzu), Abeshe, Adre, Jinaina, Fashir, Nuhud, da jakuna da shanun kaya da yara a goye. Daga baya layin nan ya ƙara matsawa yamma har Nyala a 1959, na can ya kai Maiduguri a 1964, amma ba su taɓa haɗuwa ba.

Mun yanke cewa taswirar nan ce za ta zama tsakiyar littafin, shafi biyu a buɗe, layin ƙarfe da baƙi, hanyar ƙafa da ɗigo-ɗigo. Ɗan kawu zai zana a kwamfuta idan wuta ta yarda.

18 ga Maris

An fara naɗar murya. Na farko wani dattijo ne abokin kakanmu, ya yi darisa tun shekarun 1960 har korar ma'aikata da aka yi a farkon shekarun 1990. Mun je bayan la'asar aka haɗa jabana, wato gahawa, na ce Baba mu dai so muke ka ba mu labarin yini ɗaya daga asuba zuwa dare, ba sai ka tuna shekara ba. Wannan tambayar ta yi aiki sosai, zan riƙe ta ga sauran.

Ya ce kowace ƙungiyar darisa tana da yankinta na layi, da sassafe mutum zai bi shi a ƙafa da guduma da sifana yana ƙwanƙwasa ƙarfe, daga ƙarar kawai yake gane inda kusa ta saki ko falanka, katakon da ke ƙarƙashin ƙarfen, ta ruɓe. In habub, guguwar ƙurar nan, ta taso da dare to gari na wayewa shebur ne aikin, don yashi na iya binne layi gaba ɗaya. Da damina kuma tsoron khor ne, kwarin da ya shekara a bushe sai ruwa ya zo daga tsaunuka cikin dare ya kwashe ƙasar ƙarƙashin layi ya bar ƙarfe a rataye, daga nesa direba zai ga kamar lafiya lau, shi ya sa in sun ga hadari ta gabas ba mai barci, fitila ja a hannu ake fita. Ya yi mana bayanin ɗan gibin da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe saboda zafin rana yana sa shi miƙewa, in ba gibin sai ya lanƙwashe. Gidajensu kuma su ne gatati ɗin nan, zagayayyun ɗakunan bulo masu tsinin kai da ake gani a jere a kowace ƙaramar tasha, ya ce a irinsu aka haifi yaransa duka, ruwan shansu jirgi ke kawowa a tanki, in jirgi ya makara to kowa ya san me ake ciki.

Ya kuma warware min abun tablet da na gani a mathaf. Layi ɗaya ne jirage ke bi gaba da baya, don haka tsakanin tasha biyu akwai ɗan ƙarfe guda da na'ura ke saki, direba ba zai tashi ba sai nazirin tasha, wato shugabanta, ya miƙa masa shi a cikin zobe, kuma muddin yana hannunsa na'urar ɗaya tashar ba za ta saki wani ba. Ba intanet ba komai amma jirgi biyu ba sa haɗuwa. Wannan bayanin da muryarsa za mu saka shi, ba zan sake rubuta shi da tawa ba don ya fi ni iya faɗa.

Da na tambaye shi ko akwai Hausawa da yawa a aikin, ya ce a darisa da dako da share tasha kam akwai, a ofis da kan injin ba kasafai ba a zamaninsa.

9 ga Afrilu

Azumi ya shiga, ga zafi ga ɗauke wuta. Dattawa ba sa iya doguwar magana da rana, bayan tarawi kuma barci suke ji. Mun dakata da ziyara, ina dai kwafe abun da aka naɗa zuwa takarda a hankali. Allah ya karɓi ibadunmu.

21 ga Mayu

Goggo ta dawo daga Sinnar da Mai Wurno inda ta yi sallah, kuma abun da ta kawo ya fi duk wanda muka tara. Ita mata suna sakin jiki da ita, suna tsinke ganye suna hira waya na ajiye a gefe.

Akwai wata Iya da ta haura tamanin sosai, tana ƙarama aka taso da ita daga ƙasar Katagum a shekarun 1940. Ta ce wani wuri a ƙafa wani wuri a bayan lori, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko wanki ko a sayar da ƙosai har a tara na gaba, ƙaninta a hanya aka haife shi. Ranar da ta fara ganin jirgi a Ubayyid ta ce kuka ta fashe da shi ta ɓuya a bayan zanin uwarta saboda ƙarar. Daraja ta huɗu suka hau, bencin katako, kowa da buhunsa da butarsa. Ba su wuce gabas kai tsaye ba, a Jazira suka sauka tsinkar auduga don kuɗin jirgin ruwa, dama tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 gonakin auduga suka buɗe hannu nawa aka kawo ana so. Shekaru suka yi a nan kafin babanta ya tara abun da zai kai su Sawakin, inda ake tsare alhazai a yi musu allura kafin su tsallaka Jidda. Sun yi hajji sun dawo, sai aka ce a ɗan huta a Sudan kafin a koma gida, hutun kenan har yau, jikokinta sun yi jikoki.

Wannan labarin da shi da na mutanen Mai Wurno ba ɗaya ba ne, kuma ina so littafin ya bambance. Su waɗancan hijira suka yi, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka zauna a bakin Nil Azrak, wato Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa. Su sun iso kafin jirgi ya kai Ubayyid ma. Wato dai sun guje wa Bature a can sun zo sun tarar da shi a nan da layin dogonsa, kuma jikokinsu da yawa a kan layin suka ci abinci. Ban ga amfanin a ɓoye wannan ba, haka abun ya faru.

Layin Bahar Maliya shi ma ya shiga taswira, daga nan Atbara zuwa Bur Sudan an buɗe shi 1906, sai na Kasala 1924 wanda ya zarce Gadarif ya haɗe da Sinnar a 1929. In ka ɗora garuruwan da Hausawa suka fi yawa a kan wannan taswira za ka ga da yawansu a bakin layi suke.

18 ga Yuni

Wani tsohon makanikin warsha, ba Bahaushe ba ne amma maƙwabcinmu ne tun muna yara, ya ce in littafin bai ambaci ƙungiyar ma'aikata ba to ba littafin Atbara ba ne. Gaskiyarsa. A nan aka kafa Hai'at Shu'un al-Ummal a 1946, a Yulin 1947 ma'aikata suka yi tattaki zuwa ofishin shugabannin reluwe suna neman a amince da ita, aka kama shugabanninsu, aka shiga yajin aiki jirage suka tsaya cak har sai da Turawa suka sauko, shekara ta gaba aka yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago. Cikin waɗanda suka taso daga nan akwai Shafi'u Ahmad al-Shaikh wanda gwamnatin Numairi ta rataye a 1971. Kuma kowa ya san daga garin nan wutar zanga-zangar adawa da gwamnatin Bashir ta kama a Disamba 2018, da jirgin da ya tafi Khartum cike da mutane har kan rufi a Afrilun 2019. Shafi ɗaya za mu ba wannan, a taƙaice.

Ɗan uwan nan na Kano ya turo min hotunan wani gida a Ebute Metta ta Legas, Jaekel House, a cikin harabar reluwe. An gina shi 1898, shekarar da layi ya iso Atbara, gidan babban manaja ne a da, aka gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi. Da na gani sai na tuna gine-ginenmu na nan, tsofaffin ofisoshi da gidajen unguwar Saudana masu baranda da manyan bishiyoyi, wasu suna nan da kyansu wasu rufi ya fara zubewa. Ba mu da ƙarfin gyara ko ɗaki ɗaya, amma hoto muna iyawa, don haka ɗan kawu ya ƙara wannan a aikinsa, yana bin titi-titi a kan keke da safe kafin rana ta yi zafi, daga waje kawai yake ɗauka.

23 ga Yuli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kowa ya ji rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a jihar Nil Azrak, Rusairis da kewaye, an kashe mutane an ƙona gidaje, dubbai sun gudu, wasu dangin Goggo suna makaranta a kwance a Sinnar da abun da suka iya ɗauka a hannu. An fita zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Khartum. Ba na iya kwafar komai kwanakin nan.

Abun da ya fi min ciwo bayan rayukan shine maganar da ake ta yawo da ita wai mu baƙi ne. Na zauna na sake sauraron muryar Baba darisa yana lissafa tashoshin da ya kwana yana gadin layi da fitila don jirgin da ke ɗauke da mutanen da bai sani ba ya wuce lafiya. Ɗan kawu ya ce mu juya littafin ya zama amsa ga masu wannan magana. Na ce a'a, ba za mu sa zagi ko ramuwa a ciki ba, shekarun da sunayen garuruwan da muryoyin su tsaya yadda suke, wanda ya karanta ya yi hisabi da kansa. Amma fassarar Larabci da muka ce sai daga baya, yanzu tare za su fita.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da kowa gidansa.

27 ga Agusta

Ruwa ya yi ɓarna a jihar nan da Jazira, hanyoyi sun yanke, ba mu je ko'ina ba. Kuma Iyar nan ta Katagum Allah ya yi mata rasuwa makon jiya. Goggo ta tura wa jikokinta muryar gaba ɗaya, sun ce a saka a littafin amma ban da sunanta, haka za a yi. Duk wanda muka naɗa sai mun koma mun tambaye shi ko iyalinsa me za a fitar me za a bari.

12 ga Nuwamba

An sake wani tashin hankalin a Wad al-Mahi watan jiya, tafiyar da Goggo ta shirya zuwa Damazin an fasa sai abun da hali ya yi.

Rubutun farko ya kammala, taswira ma ta fito. Yanzu gardamar da muke ciki ta haruffa ce. Yaranmu na nan da Larabci suka yi makaranta, Hausa a baki take, in ka ba su boko sai su tsaya suna haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, amma in aka rubuta da ajami suna kamawa da wuri duk da wasulan suna ba su wahala. 'Yan uwa na Najeriya da Nijar kuma boko suke so. Goggo ta gwada shafin tablet ɗin a kan yaran makarantar allo na unguwarmu da duka biyun, ajami ya fi tafiya nesa ba kusa ba. Don haka na bugawa zai zama ajami da Larabci gefe da gefe, na boko kuma a waya za a dinga turawa. Matsalar ita ce haruffan da Larabci ba shi da su, irin ɓ da ts, sai mun zauna da wani malamin allo mun tsayar da yadda za a rubuta su iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ya ce mu zo ranar Alhamis bayan azahar.

Abun da ya rage: muna neman wanda ya yi aiki a kan injin tururi, direba ko atashgi mai zuba wuta, an ce akwai wani dattijo a Haya da wani a Kosti. Muna kuma neman tsohon tikiti ko takardar alhazai ta Sawakin ko katin aiki, hoto kawai za mu ɗauka mu mayar wa mai shi a take. In akwai irin wannan a akwatin kakarku don Allah a duba. Kuɗin bugu kuma ba mu fara tarawa ba tukuna, sai mun ji farashi daga wajen masu buga littafi a Damar mako mai zuwa in sha Allahu.